Ayarin ilektiron: Yadda masana ke auna abin da agogo ya kasa kamawa

A ƙarƙashin ƙasa, tsakanin birnin Hamburg na ƙasar Jamus da wani ƙaramin gari mai suna Schenefeld, akwai wani rami mai tsawon kilomita 3.4, wanda ƙasashe fiye da goma suka haɗa hannu suka kashe sama da euro biliyan ɗaya wajen haƙa shi da kuma ƙera injinan da ke cikinsa.

An buɗe wurin ne a watan Satumban 2017, ana kiransa European XFEL, kuma aikinsa shi ne samar da walƙiyar hasken eksire mai tsananin ƙarfi, har sau 27,000 a cikin sakan guda, domin ɗaukar hoton abubuwan da ƙanƙantarsu ta kai ta ƙwayar zarra.

Sai dai ingancin wannan haske, da ma samuwarsa tun farko, sun rataya ne a kan wani abu da tsawonsa bai kai kaurin silin gashin kai ba, wanda kuma yake gudu kusan daidai da gudun haske.

Wannan abu shi ne ɗan gungun ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, da injin ke ingizawa ta cikin bututu. Idan tsawon gungun ya wuce yadda ake so, hasken ba zai yi ƙarfi ba. Idan kuma masu bincike ba su san tsawonsa ba, to ba za su san tsawon lokacin da hasken ya ɗauka a kan abin da suke nazari ba.

Matsalar ita ce babu wani agogo ko wata na'urar lantarki a duniya da ke da saurin da za ta iya ƙidaya lokacin wucewarsa kai tsaye.

Ayari mai kai da wutsiya

Ilektiron su ne ƙwayoyin da ke gudana a cikin wayar lantarki. A cikin manyan injinan bincike kuwa, ba sa tafiya a jere kamar ruwan famfo. Ana sakinsu ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da na gabansa da na tsakiya da na bayansa, tamkar ayarin fatake.

A cibiyar bincike ta SLAC da ke jihar Kalifoniya a Amurka, inda aka kunna irin wannan inji na farko mai ba da eksire mai ratsa jiki a watan Afrilun 2009, ana haska wani faranti na jan ƙarfe da hasken leza, sai ilektiron su ɓalle daga jikinsa. Ayari ɗaya kan ƙunshi ilektiron kimanin biliyan ɗaya da rabi, ko da yake akan rage ko a ƙara gwargwadon buƙatar masu bincike.

Daga nan sai igiyoyin rediyo masu ƙarfi su ɗauki ayarin su yi ta ingiza shi ta cikin bututun da aka zuƙe iskar cikinsa, har tsawon kilomita guda.

Masana na faɗin tsawon ayarin ta hanya biyu, ko dai da ma'aunin nisa ko kuma da na lokaci, domin tun da gudunsa sananne ne, sanin ɗaya sanin ɗayan ne.

Ma'aunin lokacin shi ne femtosakan. Idan aka raba sakan ɗaya gida miliyan, aka ɗauki kashi ɗaya aka sake raba shi gida biliyan, to kashi ɗaya daga ciki shi ne femtosakan. Matsayinsa a cikin sakan guda kamar matsayin sakan guda ne a cikin shekara miliyan 32.

Haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, ba ya wuce kashi uku cikin ɗari na milimita a femtosakan 100. Ayarin da ake magana a kansa bai fi haka ba, sau da yawa ma bai kai ba.

Ba yau wannan ma'auni ya shiga bakin duniya ba. Masanin nan ɗan asalin ƙasar Masar, Ahmed Zewail, ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1999, saboda ya nuna cewa da walƙiyar leza mai tsawon femtosakan ana iya bin sawun ƙwayoyin zarra a daidai lokacin da suke rabuwa ko suke haɗuwa.

Me ya sa ake damuwa da tsawonsa?

Dalili na farko shi ne cunkoso.

A ƙarshen injin akwai wani dogon jeri na maganaɗisai da ke sa ilektiron su riƙa tafiyar maciji, dama da hagu. Duk ilektiron ɗin da aka karkata shi yakan fitar da haske. To amma kafin wannan haske ya haɗa kai ya zama leza, dole ne ilektiron ɗin su kasance a cunkushe ƙwarai, ta yadda hasken da wasu suka fitar zai tilasta wa saura su bi sahu.

Lissafin mai sauƙi ne. Ilektiron biliyan ɗaya da rabi idan suka wuce a cikin femtosakan 80, ƙarfin lantarkin da ya gudana ya kai amfiya 3,000, alhali soket ɗin gida amfiya 13 yake ɗauka. Idan ayarin ya ninka tsawo, ƙarfin ya ragu da rabi ke nan, kuma raguwar hasken ta fi haka nesa ba kusa ba.

Dalili na biyu ya fi shafar jama'a.

Hasken eksire na irin waɗannan injina yana da ƙarfin da duk abin da ya taɓa sai ya tarwatse. A shekara ta 2000 wasu masana a ƙarƙashin jagorancin Janos Hajdu na jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin suka wallafa wani lissafi da ke nuna cewa idan walƙiyar ta yi gajarta sosai, za ta riga ɓarnar, wato hasken zai ɗauki siffar abin ya wuce kafin ƙwayoyin zarrar su kai ga motsawa.

A 2006 aka tabbatar da haka a injin FLASH na cibiyar DESY da ke Hamburg, inda walƙiya mai tsawon femtosakan 25 ta ɗauki hoton wani ɗan ƙaramin zane, sannan zanen ya ƙone ƙurmus.

Sabon tsarin halitta na farko da aka gano ta wannan hanya kuwa ya shafi nahiyar Afirka ne kai tsaye. A ƙarshen 2012 wata tawagar masana daga Jamus da Amurka da wasu ƙasashe ta bayyana siffar wani furotin mai suna cathepsin B, na ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda ke jawo ciwon barci ga mutane, danginta kuma ke jawo sammore ga shanu. Ƙwayar cutar na dogara da wannan furotin wajen rayuwa, don haka sanin siffarsa mataki ne ga masu neman maganin da zai toshe shi.

Ƙwayoyin furotin ɗin da aka samu sun yi ƙanƙantar da tsofaffin hanyoyi ba za su iya da su ba. Sai aka riƙa feso su a gaban hasken injin SLAC, kowane ɗaya ya ba da hoto guda ya tarwatse, aka tara hotuna fiye da dubu ɗari aka haɗa.

Duk wannan aiki ya ginu ne a kan yarda cewa walƙiyar ta kai gajartar da aka ce ta kai. Gajartar walƙiyar kuwa daga gajartar ayarin take fitowa.

Ba a haifar ayari da gajarta

Ayarin ba ya fitowa daga farantin jan ƙarfe da wannan gajarta. Tsawonsa na farko 'yan milimitoci ne, domin ilektiron ba sa son juna, kowane yana tunkuɗe ɗan uwansa, kuma tun suna tafiya a hankali ba a iya cusa su wuri ɗaya.

Bayan sun yi gudu kuma sai wata matsala ta taso. Dukkansu sun kusa cimma gudun haske, saboda haka a miƙaƙƙiyar hanya na baya ba zai taɓa tarar da na gaba ba, ko da ya fi shi ƙarfi.

Abin da ake yi shi ne a saita igiyar rediyon ta yadda 'yan bayan ayari za su samu ƙarfi fiye da 'yan gaba kaɗan. Sai a bi da su ta wani ratse da maganaɗisai huɗu suka yi. Masu ƙarancin ƙarfi, wato 'yan gaba, sun fi lanƙwasuwa, sai su yi doguwar kwana. Masu ƙarfi kuma su yanke. Kafin a koma kan hanya, wutsiya ta matso kusa da kai.

A SLAC sau biyu ake wannan matsi, a European XFEL kuma sau uku.

Amma dabarar na da saurin fushi. Igiyar rediyon SLAC na kaɗawa sau miliyan 2,856 a sakan guda, kuma idan saitinta ya goce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sakamakon canjin zafi a cikin gini ko rawar wutar lantarki, tsawon ayarin zai canza sosai. Wannan ne ya sa awo ɗaya da safe bai wadatar ba. Ana buƙatar a riƙa aunawa ana gyarawa muddin injin na aiki.

Inda kyamara ta tsaya

Na'urorin lantarki mafiya sauri da ake da su ba sa iya rarrabe abin da ya gaza 'yan picosakan, kuma picosakan ɗaya femtosakan 1,000 ne. Ayarin zai zo ya wuce kafin na'urar ta farga.

Saboda haka duk hanyoyin da masana suka ƙirƙiro abu ɗaya suke yi, suna mayar da lokaci ya koma wani abin da ake iya aunawa, ko dai nisa a kan allo, ko launin haske, ko kuma ƙarfinsa.

Tsohuwar hanya ita ce wata kyamara ta musamman da ke karɓar ɗan hasken da ayarin ya fitar, ta mayar da shi ilektiron a cikin cikinta, sannan ta share su da sauri daga sama zuwa ƙasa a kan allo, kusan yadda tsohuwar talabijin mai ƙeya ke zana hoto. Wanda ya fara isowa ya sauka a sama, na ƙarshe ya sauka a ƙasa, tsawon layin da suka zana shi ne tsawon lokacin.

Wannan kyamara ta wadatar a injina masu siffar zobe, irin na birnin Grenoble a Faransa ko kuma SESAME da aka buɗe a ƙasar Jodan a 2017, domin ayarinsu kan kai picosakan goma-goma. Amma mafi kyawunta kan tsaya ne a wajen femtosakan 100 zuwa 200. A nan kuwa aikin injinan leza yake farawa.

Tsohon ƙarfe ya dawo aiki

Mafitar da ta fi kowace inganci ba sabuwar ƙira ba ce.

A shekarun 1960, lokacin da ake gina injin SLAC mai tsawon mil biyu, wasu injiniyoyi uku, Greg Loew da Rudy Larsen da Otto Altenmueller, sun ƙera wasu bututan jan ƙarfe waɗanda igiyar rediyon da ke cikinsu ba gaba take tura ƙwayoyi ba, gefe take tura su. An yi su ne domin tace ƙwayoyi masu nauyi daban-daban, aka kuma laƙaba musu suna LOLA daga farkon sunayen mutanen uku.

Da aikinsu ya ƙare sai aka ajiye su. Wajen shekara ta 2000, da ake shirin mayar da wani sashe na tsohon injin ya zama na leza, masana a cibiyar, ciki har da Paul Emma da Patrick Krejcik, suka ga cewa abin da ake nema yana nan a jibge shekara talatin.

Yadda abin ke aiki shi ne, igiyar da ke cikin bututun tana tura abu sama, sannan ta juya ta tura ƙasa, sau biliyoyi a sakan ɗaya. Tsakanin turawa sama da turawa ƙasa akwai wani ɗan lokaci da ƙarfinta yake sifiri. Ana saita zuwan ayarin ta yadda tsakiyarsa za ta dace da wannan lokaci. 'Yan gaba sun riga sun sha turi zuwa sama, 'yan tsakiya ba abin da ya taɓa su, 'yan baya kuma turin ƙasa suke tararwa.

Bayan tafiyar 'yan mitoci, ayarin da ya shiga a kwance sai ya fito a karkace. Idan ya bugi allo, maimakon ɗigo sai ya zana layi a tsaye, wanda kyamarar yau da kullum ke iya ɗauka. Inda layin ya fi haske nan ne ilektiron suka fi yawa.

Ta haka ba tsawon kaɗai ake gani ba, har da siffar. An sha ganin ayari mai ƙaton kai da siririyar wutsiya, da kuma mai ƙaho biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, irin wanda injin SLAC ya saba fitarwa.

Wani abin da ya ɗaga darajar wannan hanya shi ne tana iya tantance kanta. Ana goce saitin igiyar da gangan, da wani sanannen gwargwado na lokaci, a ga nisan da layin ya gusa a kan allo. Daga nan an san kowane milimita na allo femtosakan nawa ne, ba tare da an jingina da wani zato ba. Akan kuma maimaita awon ta ɗaya fuskar, a tura 'yan gaba ƙasa 'yan baya sama, domin idan ayarin ya zo da wata karkata ta kansa, awo biyun su fallasa ta.

A farkon shekarun 2000 aka ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin bututan, mai tsawon sama da mita uku da rabi, aka kai shi Hamburg aka dasa a injin FLASH. Sai da aka yi aikin daidaita su, domin injin na Jamus da wani zango dabam yake aiki, mai kaɗawa sau miliyan 1,300 a sakan. Duk da haka ƙarfen na shekarun 1960 ya riƙa rarrabe abubuwan da tazararsu ba ta wuce femtosakan 20 ba.

Illarsa ɗaya ce, amma babba. Ayarin da aka karkata aka buga a allo ya gama yawo, ba zai ƙara ba da haske ba. Mai awo ya san tsawon ayarin da ya kashe, amma wanda mai bincike ya yi amfani da shi wani ne dabam, kuma ba a cika samun ayari biyu da suka yi daidai wa daida ba.

A European XFEL, inda ayari har 2,700 ke biyo juna a jere sau goma a kowane sakan, ana rage asarar ta hanyar fizgo guda ɗaya daga cikin jerin da wani maganaɗisu mai sauri, a jefa shi allon da ke gefe, saura su wuce. Wannan ɗanɗano ne daga bakin tukunya.

Awo ba tare da taɓawa ba

Neman hanyar da ba ta kisa shi ya kai masana ga hasken da ayarin ke fitarwa da kansa.

Duk lokacin da ilektiron ya sha kwana a gaban maganaɗisu, ko ya ratsa siririn falle na ƙarfe, ko ma ya wuce ta kusa da bakinsa, yakan saki haske mai zango iri-iri. Masanan Tarayyar Sobiyet, Vitaly Ginzburg da Ilya Frank, su ne suka yi hasashen hasken ratsa falle tun a tsakiyar shekarun 1940.

Abin lura shi ne yadda hasken ɗaiɗaikun ilektiron ke haɗuwa. Idan zangon hasken ya fi ayarin gajarta, kowane ilektiron nasa yake yi, wani na hawa wani na sauka, kamar 'yan kallo da ke tafi a warwatse. Idan kuwa zangon ya fi ayarin tsawo, to dukkansu kamar a wuri ɗaya suke, sai su buga tare. A yanayi na farko ƙarfin hasken daidai yake da yawan ilektiron. A na biyu kuwa, yawansu ne sau yawansu. Ga ayari mai ilektiron biliyan ɗaya, bambancin na iya kaiwa ninki biliyan.

Saboda haka idan aka duba daga wane zango ne hasken ya yi wannan tsalle, an samu tsawon ayarin. Masana a jami'ar Tohoku ta ƙasar Japan ne suka fara ganin irin wannan haske a 1989, sannan na jami'ar Cornell a Amurka suka gan shi daga fallen ƙarfe a 1991.

Mafi sauƙin amfani da wannan shi ne a sa ƙaramar na'ura mai jin zafin haske a bayan ratsen maganaɗisan nan. Ayari ya gajarta, haske ya ƙaru. Ayari ya tsawaita, haske ya ragu. Kwamfuta na karanta wannan a kan kowane ayari tana gyara saitin igiyar rediyo nan take. Wannan ƙaramar na'ura ce ke riƙe da injin dare da rana, sai dai ba ta san femtosakan ba. Abin da ta sani shi ne an ƙaru ko an ragu, don haka lokaci-lokaci sai an gwada ta da bututun karkatarwa.

Ko da an auna kowane zango dalla-dalla, akwai abin da ke ɓacewa. Ayari mai ƙaton kai da siririyar wutsiya, da wanda aka juya shi baya ya koma gaba, haske iri ɗaya suke bayarwa. Masana na cike giɓin da lissafi, amma lissafin sai an ɗora shi a kan wani zato game da siffar da ake nema. Sakamakon abin dogaro ne wajen faɗin tsawo, amma wajen faɗin siffa akwai buƙatar taka-tsantsan.

Akwai kuma wata hanyar da aka fara gwadawa a injin FELIX na ƙasar Holan a shekara ta 2000. Ana ajiye wani siririn kiristal 'yan milimitoci daga hanyar ayarin. Ilektiron mai gudu kusa da na haske, tasirin lantarkinsa baje yake a gefe kamar faifai, don haka ayarin na wucewa kiristal ɗin zai ji shi, ya kuma canza yadda yake ratsar da haske na ɗan wannan lokaci.

A daidai lokacin sai a ratsa kiristal ɗin da walƙiyar leza wadda aka ja ta ta yi tsawo, launukanta suka jeru ɗaya bayan ɗaya. Launukan da suka dace da wucewar ayarin su ne za su fito da tabo. Ƙidaya su ita ce awon.

A 2007 aka gwada awo da irin wannan kiristal kafaɗa da kafaɗa da bututun LOLA a injin FLASH, sakamakon ya yi daidai har zuwa wajen femtosakan 60. Ƙasa da haka kiristal ɗin kansa ne ke gazawa, domin ƙwayoyin zarrar da ke jikinsa suna da tasu rawar, wadda ke gurɓata saƙon.

Kashe shi bayan ya gama aiki

A 2013 masanan SLAC suka ɓullo wa matsalar ta wata fuska mai sauƙin faɗi. Tun da bututun karkatarwa yana lalata ayari, me zai hana a ajiye shi a wurin da ayarin ya riga ya gama amfani?

Bayan ilektiron sun fito daga jerin maganaɗisan da ke sa su ba da eksire, dama juji ake kai su, wani ƙaton curin ƙarfe da ke shanye su. Sai aka dasa sababbin bututai biyu, kowane mai tsawon mita ɗaya, a kan wannan hanya ta juji. Igiyarsu ta ninka ta tsohon LOLA sauri sau huɗu, abin da ya sa turin ke juyawa da gaggawa, layin kuma ya fi buɗewa.

Sabon bututun na baje ayarin daga hagu zuwa dama bisa lokacin isowa. Maganaɗisun da ke kai shi juji kuma na baje shi daga sama zuwa ƙasa bisa ƙarfin kowane ilektiron. Hoton da ke fitowa a allo sai ya nuna abu biyu a haɗe, wane ne ya zo a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi.

A nan ne aka samu ribar da ta fi awon tsawo. Ilektiron ɗin da suka ba da eksire sun yi asarar ƙarfi, domin daga jikinsu hasken ya fita. Idan aka kwatanta hoton ayarin da ya ba da haske da na wanda aka hana shi bayarwa, za a ga daidai sashen da ya rame. Wannan sashe shi ne siffar walƙiyar eksiren kanta.

An gano ta haka cewa ba ko yaushe ne dukkan ayarin ke ba da haske ba. Wani lokaci tsakiya ce kawai ke aiki, wani lokaci kuma wani ɓangare na gaba ko na baya.

Rahoton da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa na'urar na rarrabe 'yan femtosakan kaɗan, a wasu yanayi ma ƙasa da ɗaya, kuma tana yin haka a kan kowane ayari, sau 120 a sakan, ba tare da ta katse wa mai bincike aikinsa ba. Daga baya cibiyoyin CERN da DESY da kuma PSI ta ƙasar Suwizalan suka haɗu suka ƙera wani samfuri mai suna PolariX, wanda ake iya juya fuskar turinsa ta kowace kusurwa, domin a kalli ayarin ta ɓangarori da dama.

Sai dai ayarin ma bai tsaya jiran masu awo ba.

A 2011 masana a wani ɗakin bincike da ke kusa da birnin Faris suka auna ayarin da wani sabon nau'in inji ya fitar, wanda ke amfani da leza da iskar gas a cikin tazarar 'yan milimitoci maimakon dogon rami. Tsawonsa bai kai femtosakan biyu ba, kuma da hasken ratsa falle aka gano hakan.

A SLAC kuwa, an bayar da rahoto a 2020 cewa an samar da walƙiyar eksire mai tsawon 'yan ɗaruruwan atosakan, ma'aunin da femtosakan ɗaya ya ƙunshi guda 1,000 nasa, wanda kuma binciken da aka yi a kansa ya samu lambar Nobel ta kimiyyar fiziya a 2023. Ana samun irin wannan walƙiya ne daga wani ɗan tsini da ake ƙirƙira a jikin ayarin, wanda gajartarsa ta kai iyakar abin da bututun 2013 ke iya gani.

A watan Satumban 2023 kuma cibiyar ta kunna sabon injinta, LCLS-II, wanda aka tsara shi ya riƙa sakin ayari har miliyan ɗaya a sakan guda. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 120 a sakan ba za ta ga ko da ɗaya cikin dubu takwas na waɗannan ayari ba.